Gidan da Baba Ya Tara a Ɗakin Haya

Babanmu mai faci ne. Tun ina ƙarama har na yi aure, a gindin bango ɗaya yake zama kusa da tashar mota, shi da injin iskarsa da rabin duro cike da baƙin ruwa, inda yake tsoma tiyub yana neman wurin da ya huje. Direbobi Mai Faci suke ce masa. A gidan hayar da muka tashi kuwa sunansa Injiniya, kuma ba don yabo aka sa masa ba. Ni Uwata yake kirana, don sunan mahaifiyarsa na ci, shi ya sa duk cikin 'ya'yansa uku ni kaɗai nake iya tsayawa in yi musu da shi ido cikin ido.

Mutum ne mai tsimi, irin tsimin da ke ba na kusa haushi. Guntayen sabulu ba ya bari a yar, sai ya haɗe su ya matse su zama dunƙule ɗaya mai launi uku. Man goge baki in ya ƙare sai ya yanka robar da reza, a ƙara sati ana lakata. Silifas ɗinmu kuwa sun sha faci fiye da tayar kowace mota a tashar nan. Amma in faɗi gaskiya, ba marowaci ba ne. Bai taɓa barin mu da yunwa ba, kuma bai iya cewa a'a ba in ɗan'uwa ya zo da hawaye. Wannan rashin iya a'a ɗin shi ne mafarin komai.

Burinsa ɗaya ne a duniya: ya fitar da mu daga haya. Ya tsani ƙarshen wata, ya tsani layin banɗaki da safe, ya tsani yadda Mama take rage murya in tana mana faɗa don kada maƙwabta su ji. Sau biyu yana tara kuɗin fili. Na farko a asusun katako ya tara, sai ga Baffa, ƙanensa, ya zo matarsa tana asibiti. Baba ya fasa asusun ya juye masa duka, ko ƙirgawa bai yi ba. Na biyu ya kai ofishin ajiya, ya yi shekara uku yana zubawa, bai gaya wa kowa ba sai Mama. Ranar da ya cire ya nufi wurin dillalin fili, sai dillalin ya yi dariya ya ce ai wancan farashin ya mutu tuntuni, abin da ke hannunsa yanzu ko rabin fuloti ba zai saya ba.

A ranar ne ya dawo gida da bulo guda ɗaya a bayan kekensa, ɗaure da robar tsohon tiyub. Ya sauke shi a hankali ya jingina da bangon ƙofarmu. Mama tana wankin kwanuka ta ɗago kai.

"Malam, wannan kuma fa? Murhu za mu sake?"

"Gida ne," in ji Baba.

"Gidan wa? Na ƙadangare?"

Bai yi dariya ba. Ya zauna a kan bulon ya ce, "Maman yara, na gane kuɗi. Ƙafa gare shi. In ka ajiye shi a gida 'yan'uwa su shinshino shi, in ka kai shi ofis ya rame yana kwance. Amma wa kika taɓa gani ya zo rancen bulo? Wannan in na ajiye shi, yadda na bar shi haka zan same shi."

Abin da ya rage na kuɗin filin nan, cikin wata guda ya zama bulo. Daga nan kuma sai abin ya zama ƙa'ida. Duk yamma in ya tashi daga aiki ya cire na cefane, sai ya biya gidan bulo da ke kan hanya. Ranar da kasuwa ta yi kyau biyu, ranar da ba ta yi ba ɗaya, ranar da babu sai ya dawo yana ta huci kamar an yi masa sata. Abin da ke ci mini rai har yau shi ne, ta wani gefen yana da gaskiya. Kowace shekara bulo ƙara tsada yake. Kuma tun daga lokacin Baffa bai sake samun ko sisi ba, don in ya zo sai Baba ya nuna masa tsibin ya ce, "Ga dukiyar nan, ɗauki abin da za ka iya." Da ƙaryar banza ce da mun daɗe da raba shi da ita.

Ciki da falo muke haya, a gida mai ƙofofi da yawa da tsakar gida ɗaya. Da farko a waje yake jera su. Da suka fara cin hanya, maƙwabciyarmu Mai Ƙanƙara, wadda ke sayar da ruwan sanyi, ta kai ƙara wurin tsohon da ke da gidan. Tsohon mutumin kirki ne, shi ma da lebura ya fara. Ya zo ya duba, ya ba Baba wani lungu a bayan banɗaki ya ce ya cika shi, amma kada ya wuce nan. Shekara biyu lungun ya cika har sama, Baba ya lulluɓe shi da tamfol. Sai bulo ya fara shigowa ɗaki.

Ƙarƙashin gado ya fara shiga. Daga baya Baba ya ga ai gadon ma ɓarna ne, ya sayar da shi ya jera bulo ya ɗora katifa. Kujerun falo suka bi bayan gadon, Mama ta ɗinka wa bulo riguna da tsofaffin zannuwa don baƙi su samu wurin zama. Sannan ya fara jera su a jikin bango, layi bisa layi, har ɗakin ya samu bango na biyu a cikinsa. Kowace shekara falon ƙara matsewa yake. Tagar ciki ta rufe rabi, sannan ta rufe gaba ɗaya, da rana ma sai an kunna fitila. Wata rana kuma sai ga shi da mai baro, sun kawo ƙofar ƙarfe da tagogi biyu da ya saya inda aka rushe wani gini. Aka jingina ƙofar a bayan ƙofa. Mai Ƙanƙara ta leƙo ta ce, "Injiniya, ka riga malam masallaci. Saura makulli, sai mu zo tarewa."

Ni da ƙannena biyu a cikin wannan muka girma. Ƙwaurinmu duk tabo ne. Mun iya tafiya a karkace, mun iya girgiza kaya kafin mu sa saboda kyankyasai da ke zaune a ramukan bulon. In ka zauna a gefe ka gutsure kusurwa, to ranar ka shiga uku. Ban taɓa kawo ƙawa gida ba. In an tambaye ni sai in ce gini ake yi a gidanmu, wanda kuma ba ƙarya ba ne gaba ɗaya.

Ina ajin ƙarshe na sakandare wata mata ta fara zuwa unguwarmu daga wata ƙungiya mai koya wa masu ƙaramin ƙarfi tanadi. Tana da lasifikar hannu da jaka cike da ƙananan asusu na roba da take rabawa, tana cewa da yayyafi kogi kan cika. Anti Tanadi muke ce mata. Ba muguwa ba ce, ta yarda da abin da take faɗa, kuma na san mata da yawa da suka amfana da ita. Ranar da ta shigo gidanmu Mai Ƙanƙara ta ce mata, cikin zolaya, "Ai mu nan ba ma bukatar wa'azi, muna da shugaban masu tanadi na duniya. Ga ƙofarsa can."

Anti Tanadi ta shiga falonmu a karkace, ta tsaya ta buɗe baki. Na ɗauka tausayi ne ya kama ta. Ashe burge ta abin ya yi.

"Baba, duk da faci ka tara wannan?"

"Da faci, 'yata. Ɗaya bayan ɗaya."

Tun daga ranar muka zama wurin kallo. Takan kawo mutane rukuni-rukuni, masu shara, masu wanki, masu tura baro, su shigo su tsaya a jere don babu wurin zama, Baba yana tsakiya yana bayani yana shafa bulo. Ta ba shi farar riga mai tambarin ƙungiyarsu, tana ɗaukarsa zuwa taro ya yi magana a lasifika. Mutumin da duk rayuwarsa direbobi ke yi wa tsawa, sai ga shi ana tafa masa. Ban ga laifinsa ba da ya ji daɗi. Amma duk cikin masu zuwan nan, da masu karatu da marasa karatu, ba wanda ya taɓa tambayar inda filin yake. Mama ce kaɗai ke tambaya, ita ma sai sun tafi, tana kwashe kofunan ruwan da ta ba su.

"Malam, a ina za a dasa su?"

"Fili yana nan zuwa. Sannu ba ta hana zuwa."

"Sai dai a daɗe ba a je ba," in ji Mama, ta fita da tire.

Yana neman filin, ba zan yi masa ƙarya ba. Duk ranar hutu zai hau keke ya nufi bayan gari inda ake yanka filaye. Sai dai bayan garin ma gudu yake yi. Inda ya gani bara ya ce ya yi nisa, bana ya zama unguwa har da shaguna. Da, kafin azahar ya dawo. Daga baya sai yamma liƙis, ƙafafu a kumbure. Kuma shi fili ba a sayensa guntu-guntu a ɗauro a bayan keke, dunƙule ake biya. Na zaunar da shi wata rana na ce, "Baba, bulon nan ya isa haka. Ka tsaya, ka tara na fili." Ya yarda, ya gwada na 'yan watanni. Kuɗi a aljihunsa sai ya hana shi sukuni, yana ta taɓa aljihu, yana ganin kamar kowa ya sani. Kafin a je ko'ina injin iska ya lalace, wani ɗan'uwa ya rasu aka yi hidima, dillali ya ƙara farashi. Rannan da yamma sai muka ji ƙarar sauke bulo a ƙofa.

Abin da Baba bai lura ba, maganin da ya yi wa 'yan'uwa mu ma ya kama mu. Lokacin da ƙanena babba ya samu gurbi a makarantar koyon gyaran lantarki, Mama ta ce a sayar da na bayan banɗaki a biya masa. Baba ya yi tsalle ya dire. Ya ce ba a cin iri, ya ce da wane ido zai kalli mutanen da yake gaya wa su yi haƙuri su tara. Yaron ya haƙura da karatun. Ya bi wata motar kaya a matsayin yaron mota, yanzu sai mu yi rabin shekara ba mu gan shi ba. Na yi wata guda ba na yi wa Baba magana sai gaisuwa.

Na yi aure na koma nawa ɗakin hayar, a bene, ina aiki a kantin magani. Shekara ta biyu da aurena tsohon mai gidan ya rasu. Ɗansa ya dawo daga wani gari ya karɓi gidan, ya zagaya da takalmi mai sheƙi, ya ɗaga tamfol ya leƙa, ya leƙa falonmu. Bai yi faɗa ba. Ya ce zai gyara gidan, don haka cikin wata uku ko bulo ya fita ko mu fita da shi.

A nan ne muka san abin da Baba ya tara. Mai kuɗi a asusu in an kore shi sai ya sa a aljihu ya kama hanya. Mu kuwa duk gidan da muka je nema, da an ji maganar bulo sai a ce babu ɗaki, don wa zai ba da haya ga mutumin da ya zo da kayan gini? Wani ma cewa ya yi irinsu ne ke kwana biyu su ce filin nasu ne. Direban tifa ya faɗi kuɗin kwashewa, ya kuma tambaye mu inda zai juye, muka kalli juna. Ni ɗakina a bene yake, Baffa shi ma haya yake yi. Gaba kura, baya sayaki.

Na ɗauki hutu na raka shi gidan bulon da ya yi shekara da shekaru yana saye. Mai wurin ya tarbe shi da fara'a, har da ba shi kujera. Da ya ji abin da ya kawo mu sai fara'ar ta ragu. Ya ce tsohon bulo ba ya kasuwa, mai gini sabo yake so, ga kusurwoyi sun gutsure, ga girmansu ba ɗaya ba don an sha canza ma'auni. Ya faɗi abin da zai iya biya, wanda bai kai kashi ɗaya cikin uku ba, kuma mu ne da kawowa.

"Haba mutumina," in ji Baba. "Kai fa ka buga su da hannunka."

"Ni na buga su, Mai Faci, amma ai na sayar."

A hanyar dawowa Baba bai hau keken ba, tura shi yake yi, ina binsa a gefe. Ban taɓa ganin ya tsufa ba sai ranar. Na so in ce masa ai na faɗa maka, maganar ta zo har bakina, sai na ji tausayinsa ya fi ƙarfin haushina.

Saura 'yan kwanaki wa'adi ya cika, ɗan mai gidan ya aiko a kira Baba. Ya ce ya yi tunani, kuma albarkacin zaman da aka yi da mahaifinsa ba zai so ya wulaƙanta mu ba. Akwai wuri a ƙarshen tsakar gida inda mata ke shanya. Baba ya kawo bulonsa da ƙofarsa da tagoginsa, shi kuma zai sa siminti da kwano da kuɗin magina, a tayar da ɗaki biyu. Baba da Mama su zauna shekara biyar ba haya. Bayan nan gini ya zama na mai ƙasa.

Da Baba ya dawo ya faɗa mana, na miƙe tsaye, kaina ya bugi bulon da ke saman inda nake zaune.

"Baba, kyauta za ka ba shi! Guminka na shekara nawa? Karatun yaron nan da ka hana, duk don ka gina wa mai takalmi ɗaki?"

"To ina zan kai su, Uwata?" Bai ɗaga murya ba. "Faɗa mini wurin. Wallahi yanzu zan ɗauko keke in fara kwasa, ko zan shekara ina yi."

Na juya wurin Mama, don na san ita ce ta fi kowa shan wuyar bulon nan, na tabbata za ta goya mini baya. Tana zaune a kan ɗaya daga cikinsu, tana kallon inda taga take a da.

"Ni dai a bar ni in ga rana a cikin ɗaki kafin in mutu," in ji ta.

Shi ke nan, aka sa hannu.

Ban taɓa ganin Baba cikin farin ciki irin na makonnin ginin nan ba, kuma wannan ma ya ƙona mini rai. Ya rufe wurin facinsa. Ya hana leburori taɓa bulon, shi yake ɗauko su da kansa yana miƙa wa magini. Ya san su kamar yadda makiyayi ya san dabbobinsa. Sai ya ɗago ɗaya ya ce wannan na shekarar da aka haifi auta ne, wancan mai duhun na lokacin da siminti ya yi wuya ne. Maginin yana ta mita wai kowane bulo da nasa girman, sai ya cika da kwaɓi. Baba ya ari igiyar awo yana bin layi yana rufe ido ɗaya. Mai Ƙanƙara, duk da an cinye mata wurin shanya, da kanta ta kawo musu ruwan sanyi ta ce, "To, yau dai suna ya bi mai shi."

Ranar da aka fitar da na ƙarshe daga tsohon ɗakinmu na je taya Mama shara. Muka tsaya a tsakiyar falon muna waige-waige. Ashe babba ne. Ashe duk shekarun nan da muke tafiya a karkace, falo muke da shi wanda zai ɗauki kujeru da tebur har yara su yi guje-guje. Mama ta tura tagar ciki, ta ƙi buɗuwa don tsatsa, ta sa kafaɗa ta buɗe ta. Haske ya shigo. Ta yi dariya, dariyar ta juye kuka, ta goge da bakin zani ta ci gaba da shara. Sati na zagayowa aka yi wa ɗakin fenti aka ba wasu sababbin aure.

Anti Tanadi ta ji labari ta zo da mai hoto. Ta tsayar da Baba a gaban ƙofar ƙarfen, cikin farar rigarsa da ta koma ruwan ƙasa, tana ta murna tana cewa ga shi nan, ya tara ya gina. Na matso zan yi magana, Mama ta mintsine ni a cinya. Baba ya kalle ni ta gefen ido, kallon roƙo, sai na haɗiye. Ita ma ba ta tambayi ƙasar wa aka gina a kai ba.

Lissafin Baba shi ne, shekara biyar ba haya, sai ya tara na fili. Amma shekarun ba su zo yadda ya zata ba. Motoci suka koma tayar da ba ta da tiyub, samari masu sababbin injuna suka buɗe shago a ƙetaren titi, bayansa ya daina yarda da ɗaga manyan tayoyi. Gwiwoyin Mama suka kumbura, magani ya zama na kullum, ko da yake ina samo mata da rangwame. Abin da ya taru bai taka kara ya karya ba. Shekara biyar kuwa a bakin mai ƙasa kamar kwana biyar ce. Da wa'adi ya cika aka turo masu fenti suka shafe ɗakunan ciki da waje, aka naɗa wani saurayi wakili mai karɓar haya, aka yanka wa Baba kuɗi a farashin sabon gini. Ni da ƙanena muke haɗa rabi, shi yana nemo rabi. Na ce su dawo kusa da ni, Mama ba ta iya hawa bene. Na ce a nemi mai araha a wata unguwa, Baba ya ce shi ba zai iya barin wani ya kwana a cikin bulonsa ba.

Watan jiya na je duba su ranar hutuna. Ciwon Mama ya kai inda ba ta iya tashi daga katifa sai an ɗaga ta. Na tarar Baba ya samo wani guntun bututun ƙarfe, ya lanƙwasa shi, ya naɗe shi da roba don kada ya yi mata sanyi a hannu. Wai zai kafa shi a bango kusa da kanta, in ta kama sai ta ja jikinta ta tashi ko ba kowa a ɗakin. Ya auna tsayin hannunta, ya yi alama da fensir, ya ɗora ƙusa. Bugu biyu ya yi da guduma sai ga wakili a bakin ƙofa.

"Sannu da aiki, Baba. Me ake bugawa?"

Baba ya nuna masa, ya yi masa bayani har da kwatanta yadda za ta kama.

"Allah ya ba Mama lafiya," in ji saurayin, yana sosa ƙeya. "Amma Baba ka san doka. Ba a huda bango. Jiya-jiya aka yi fentin nan, in mai gida ya gani ni zai kora."

Jinina ya hau. Na ce, "Kai, ka san bangon da kake magana a kai? Ka san wanda ya ɗauko kowane bulo da ke cikinsa a bayan keke, tun kana tsumma? Je ka kira mai gidan naka ya zo ya nuna mini guda ɗaya da ya saya!"

"Uwata." Baba ya ɗaga mini hannu. "Bar shi. Aikinsa yake yi."

"Baba, bangonka ne!"

"Bangon mutane ne."

Ya zare ƙusar da yatsu, don ko shiga ba ta yi ba. Ya lashi babban yatsansa ya shafa ɗan wurin da fenti ya ɓantare, ya goge alamar fensirin da gefen rigarsa. Sannan ya juya ya tambayi yaron nan, wanda bai kai autanmu ba, ko za a ci shi tara. Wakili ya ce a'a, wannan bai kai ba, ya fita da sauri ko kallona bai yi ba.

Ni kuka nake, na haushi, ban ma ɓoye ba. Baba ya tura bututun da gudumar ƙarƙashin tebur, ya zo ya durƙusa a gefen katifa da ƙyar, ya miƙa wa Mama damtsensa.

"Kama nan, Maman yara."

Ta kama da hannu biyu, ya cije baki ya ɗago ta har ta zauna. Ta ce in ba ta ruwa, na ba ta.

Haka suke yi har yanzu. Da sassafe yakan ɗaga ta ya kai ta banɗaki, ya dawo da ita ya kwantar, ya ajiye mata ruwa da magani inda hannunta zai kai. Sannan ya ja ƙofar ƙarfen ya tura keke zuwa tasha neman kuɗin haya, ita kuma tana kwance tana jiran ya dawo ya tashe ta.